Iyaka a Gindin Dutsen Kagoro

Ba ganye, ba kore.
Fari fat, kamar yatsan jariri,
ya leƙo daga ruɓaɓɓen ganye bayan ruwan Agusta.
Bai san rana ba.
A ƙarƙashin ƙasa yake cin bashi
wurin zaren naman kaza,
bashin da ba ya biya.

Na tono biyu:
ɗaya a bakin rafi, ɗaya can inda dutse ke gumi.
Ido ya ce uwa ɗaya uba ɗaya.
Baba Didam ya girgiza kai:
"Na sama ba ya fure sai an gasa sabuwar masara."

Wata uku a Samaru ina niƙa saiwa,
ina bin rubutun gado harafi-harafi.
Goma sha ɗaya suka saɓa.
Ya isa katanga?
Ko karin harshe ne, irin na Zazzau da Katsina?

Sai zaren ya ba da shaida:
kowa da mai ciyar da shi,
ba sa haɗa akushi.

Na ɗauki alƙalami zan raba gida,
hannu ya tsaya.
Didam bai taɓa tambayar sunansu ba.
Lokacinsu kawai ya sani.