Asabar a Garejinmu

Maren ta iso da burodi a takarda,
ta ajiye shi kan benci, gefen gwangwanin giris.
Ban ce sannu da zuwa ba, ba ta ce ina kwana ba.
Ta tufke gashinta da roba,
ta ja kwali ƙarƙashin motar ta kwanta.

Ƙirar Munich ce, ta tamanin da bakwai,
silinda shida a jere kamar haƙoran mataji.
Wajen wani likita na saye ta a Tübingen
shekarar da yarinyar nan ta fara rarrafe.
Irmtraud ta yi kwana tara tana gaba da ni saboda kuɗin,
ran na goma ta karɓe makulli,
ta ce, matsa can, ni zan ja ta.

Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara
shi ya ci mata ciki a ɓoye, hunturu bayan hunturu.
Fenti na sheƙi a sama,
ƙasa kuwa tsatsa na zuba kamar garin barkono
a goshin 'yata.

Hannuwana sun daina jin maganata.
Sifana lamba goma sha uku
sau biyu ta suɓuce mini tun safe.
Abin da ya rage mini kunne ne,
da kujerar nan mai ƙafa uku,
da fitilar da nake riƙewa tana rawa
har Maren ta ce, Baba, ɗora ta a kan taya ka huta.

Akwai wani noti a bakin salansa
da ya rantse ba zai motsa ba.
Na ce kada ki yi masa tsawa, ƙarfe ba ya jin tsawa.
Ɗiga masa mai, mu ci burodinmu.
Muka ci, muka sha gahawa mai sanyi,
agogon coci ya buga sha ɗaya.
Da ta koma sai da ta nuna masa wuta.
Ya yi ƙara ɗaya, irin ta tsohuwar ƙofa,
ya saki.

Saura tarin da injin ke yi in ya yi zafi.
Na ce bawul ne, shekara talatin ina sauraron muryar nan.
Ta ce ba bawul ba ne.
Na ce yarinya.
Ba ta tanka ba, ta zura hannu bayan injin har gwiwar hannu,
ta zaro wani ɗan tiyo bai kai yatsa ba,
ya tsage a gefe kamar leɓen mai jin sanyi.
Ta ɗora mini shi a tafin hannu.
Na daɗe ina juya shi.
Kuɗinsa bai kai na burodin ba.
Gaskiya dai tata.

Da la'asar muka sauke jak.
Maƙwabcinmu Hämmerle ya leƙo ta shinge
da fuskar mai shirin kai ƙara,
sai injin ya tashi, ya daidaita numfashi,
ƙasan garejin ya ɗauki kaɗawa har cikin ƙashina.
Hämmerle ya cire hularsa, shi ma bai san ya cire ba.

Likita ya karɓe mini tuƙi tun bara.
Na zauna a kujerar Irmtraud,
inda fata ta lotsa daidai jikinta.
Maren ta hau da mu hanyar dutse tsakanin dogayen itatuwa,
kwana bayan kwana, giya ta uku,
allura na hawa, ina ƙirgawa a zuci.
Na buɗe baki in ce canza yanzu,
ashe hannunta ya riga ni.
Sai na sauke gilashi,
na bar iska ta ɗauke maganata.