Kalmar da Aka Hana

Dakta Awadalkarim ya hana mu kalmar daɗi.
Ranar farko, fanka na kuka a kanmu,
ya rubuta ta da Larabci a allo, ya soke ta da alli,
ya ce wanda ya kawo ta cikin rahoto
ya ɗauki sifilinsa ya kama hanya.
Shayi ma da daɗi, in ji shi, barcin rana ma haka.
Ku faɗa mini abin da kunne ya gani.

Ni daga Maiurno na zo Umdurman,
akwati ɗaya, kisra a leda, da tambayar babana
wadda ta biyo ni har bakin mota:
Zinatu, kiɗa ai jin sa ake,
wa zai sayi takarda don ya karanta ganga?
Ban amsa ba. Har yau ban gama amsawa ba.

Wata uku muna koyon sauraro.
Mu ƙirga bugun dalluka da yatsa a kan benci,
mu koyi tambayar da ba ta ƙarewa da i ko a'a,
mu koyi yin shiru har mai magana ya gaji da ɓoyo.
Sai aikin ƙarshe ya zo:
kalma ɗari takwas a kan makaɗi mai rai.

Intisar ta tafi wurin masu udu da farin rawani.
Ni na hau rakisha zuwa bayan kasuwa
inda Baba Tunau ke auna gawayi da gwangwani.
An ce da ƙafa ya zo, yana yaro, bayan ayarin Makka,
ayari ya wuce, shi zazzaɓi ya riƙe shi,
ya warke, ya zauna, gurmi ya zama fasfonsa.

Ya wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa ta.
Na ɗora waya a kan buhu don ta ɗauka,
ya ja tsirkiya, wayar ta mutu.
Ba caji, ba mai ceto,
sai ni da kunnuwa biyu da biron da ke yoyo.

Ya kaɗa. Tsirkiyar sama na gudu,
ta ƙasa na biye da ita tana ɗingishi,
kamar uwa da ke bin yaro a gaɓar Nilu
tana kira, ba ta son ta kama shi.
A tsakiya ɗaya ta tsinke.
Bai tsaya ba. Ya ƙulla da haƙori,
muryarta ta dawo a dishe, ya bar ta haka.

Kwana huɗu ina rubutu ina yagawa.

Takarda ta dawo da jan biro.
Ya zagaye uwar da yaron, ya sa: wannan kin ji.
A ƙasa: shida bisa goma.
Ina sunan waƙar? Shekarunsa nawa? Wa ya koya masa?
Ke 'yar jarida ce, ba makoki aka aike ki ba.

Na koma da tambayoyina uku.
Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Waƙar ba ta da suna, ba a yanka mata rago ba.
Shekaru, ki rubuta na girmi haƙorana.
Wanda ya koya mini yana kwance a hanyar Alfashir,
Jatau, ki sa shi da babban baƙi.

Na zauna a kan buhu na karanta masa,
ina juya Larabcin zuwa Hausa layi-layi.
Wata mata ta zo sayen gawayi, ya ce ta jira.
Da na kai ƙarshe ya daɗe bai ce komai ba,
yana shafa ƙullin da ke jikin tsirkiya.

Sannan ya ce: 'yar nan, da daɗi.

Na rubuta ta a tafin hannu,
inda Dakta ba ya dubawa.