Kwana Goma Sha Biyu da Rayis Adarob

A Mai Wurno aka yanke mini cibiya,
bakin kogin da kakana ya sauke kaya
a hanyarsa ta Makka, ya ce gobe zai wuce.
Goben ta kai shi kabari a nan.
Filafili na riƙe kafin alƙalami.
Kwalekwalena ya san ni kamar jaki da mai shi:
in karkata kafaɗa, ya karkata,
in yi gyaran murya, ya tsaya.

Sai ga ni a Sawakin da furfura a haɓa.
Na sayar da taru biyu, da fili, da awakin Hajara,
na sayi jirgi mai inji, taku arba'in,
shuɗin fenti, sunan wani a goshinsa.
Ranar farko na murza sitiyari dama,
ya yi kunnen uwar shegu.
Na ƙara, na ƙara,
sai ya amsa kiran duka lokaci guda,
ya kai wa dakalin tasha karo.
Masu ɗinkin koma suka sunkuyar da kai.
Ɗana Ishaƙu bai sunkuyar ba.

Bayan isha'i na nemi Rayis Adarob,
tsoho siriri, asawaki a baki.
Ya ce kwana goma sha biyu,
kuɗi a hannu, kason kifi,
da gahawa sau uku, citta ta ji.
Na ce shekara talatin ina kan ruwa.
Ya ce, "Ruwan daɗi ke nan.
Wannan na gishiri ne, bai taɓa jin sunanka ba."

Kwana uku bai bar ni na taɓa komai ba
sai igiya.
Ɗaura, kwance, ɗaura,
ni da na yi jika,
har tafin hannuna ya sake fata.

Na huɗu ya ce, "Ƙaramin jirgi yaronka ne,
kana aike, yana gudu.
Babba surukinka ne.
Faɗa masa tun da wuri, a hankali,
sannan ka jira ya gama shawara."
Ya ce babu birki a teku,
wanda zai tsaya can, nan yake fara tsayawa.

Ya koya mini karatun launi.
Shuɗi mai duhu, wuce abinka.
Kore, rage wuta.
Inda ya yi kalar shayi, murjani ne a kwance,
haƙoransa sun ci jiragen da suka fi naka.
Kada ka shigo rana na dukan idonka.
Iskar arewa in ta tashi bayan azahar,
ba ka goshi, kada ka ba ta haƙarƙari.

Na takwas na jefa anga a kan dutse,
muka yi awa biyu muna lallashinta.
Bai zage ni ba. Da ya zaga, da ya fi sauƙi.
Ya dai miƙa wa Ishaƙu finjali
ya ce, "Ubanka na da hannu, sauri ne ya yi masa yawa."

Ranar ƙarshe, muna shigowa ta ƙuncin mashiga,
tsoffin gine-ginen tsibiri sun fito fari fat,
na juya in tambaye shi.
Ya ja mayafi ya rufe fuska,
yana minshari irin na ƙarya.
Gwiwata na rawa.
Na rage wuta tun daga nesa,
na faɗa wa surukina, na jira.
Ya matso, ya matso,
ya jingina da tayar dakali
kamar mai gudun tada jariri.

Ishaƙu ya yi tsalle da igiya, ya ɗaure.
Rayis ya yaye mayafi, ya dubi ƙullin,
ya ce a sake shi.
Ya ƙirga kuɗinsa sau biyu,
ya zaɓi kifin da ya fi girma,
ya tafi, takalminsa ɗaya a tsinke.