Ƙugiya

Ranar Laraba aka ɗauke wuta
tana tsakiyar sabunta kanta,
kashi sittin da uku, da idona na gani.
Da wutar ta dawo bayan la'asar
sai ta farka kamar mai tashi daga suma:
ta san sunana, ta san ƙarfe nawa,
amma ta mance ƙugiya.

Na buga ƙasa, ta ce kasa.
Na buga baƙi, ta miƙo min baki.
A tsofaffin fayiloli, duk inda ɗa yake zaune
sai wani ɗan akwati wayam,
kamar shagon da mai haya ya kwashe cikin dare.

Ga takardar Malam Ilu a kan tebur,
maganar gona ce, shafi huɗu,
da safe zai kai ta Magajin Gari.
Ya ce, ’yata, kar ki taɓa min ko wasali.
A irin wannan takarda kuwa
tsakanin ɓata da ba ta
akwai gona guda, har da mangwaron cikinta.

Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Na zare wayar kibod na hura
kamar mai tada garwashi.
Na kira Kazah, ƙwararren Kakuri,
cunkoso ya riƙe shi a kan gada.
Ya ce, goge ta kakaf, a zuba sabuwa.
Shi Kazah ko ƙaiƙayi ka kai masa
wuƙa yake fara nema.
Na ce shekara tara ke cikin tumbin nan:
aikin ’yan Poli, katin suna, yarjejeniyar haya,
ga hoton Baba a fuskarta.

Baba da tafiretarsa a bakin gidan waya.
In ya gama bugu ba ya miƙa takarda
sai ya bi ta layi-layi da biro
yana rataya wa kowane harafi ƙugiyarsa,
mai takarda na tsaye yana tsaki.

Na roƙi waya guda daga janareton mai aski.
Tudun Wada ta yi shiru, sai masu shayi.
Na shiga saitin ɗaki-ɗaki
da linzamin da ke yi min gardama,
na buɗe inda ake ajiye harsuna:
ga na wasu a jere har da kujera,
nawa an fitar da shi waje.
Na dawo da shi. Akwatunan ba su tafi ba.
Ashe rigar haruffan ce ba ta da aljihu,
na sauya musu wata, na riƙe numfashi.

Ɗa ya fito. Ɓa ta biyo shi.
Sai dai an kai su can lungu,
sai yatsa uku sun haɗu kafin a same su.
Na ce ba a gidana ba.
Na sallami q, da bai taɓa biyan haya a bakina ba,
na ba ƙ ɗakinsa.
X ya tashi, v ta bi shi.
In masu Turanci sun zo, ga makullin juyawa.
Na ɗiga jan farce a kan maɓallan uku,
sannan na ja mata kunne:
ba ki ƙara sabunta kanki sai na ce.

Firinta ta tauna shafi na uku sau biyu.
Na kwanta kan benci, sauro na ta sallama.

Ƙarfe bakwai Malam Ilu ya zo,
ya bi rubutun da yatsa, leɓe na motsi.
A layin ƙarshe ya tsaya.
Wannan, ya ce, kansa a sake yake.
Laifina ne, ba nata ba.
Na laluba cikin durowa,
na samo biro.