Rigar Ɓarawo

Shekara goma sha tara nake gadi
a ƙofar wani sito a Kakuri,
bayan masaƙun da suka yi shiru.
Na san takun ɓarawo, na san na ɓera.
Amma wanda ya shiga ɗakina ya ɗauke Balaraba
ko kwaɗo bai taɓa ba.
A bakin sauro ya zo,
daren da ruwa ya cika kwatar layinmu,
ni ina can da tocila, ina tsaron buhunan wani.

Shekararta biyu da wata huɗu.
Jiki ya yi garwashi, sai jijjiga, sai shiru.

Ran Talata na sauka aiki, ban kwanta ba,
na bi Larai asibitin unguwa da Nafi'u,
watansa biyar, baki duk dasashi.
Benci cike da mata, ni kaɗai mai gemu.
Na ce, Sista Godiya, kafin ki huda min yaro
gaya min abin da ke cikin kwalbar nan.
Ta dubi tambarin rigata.
Ta ce, Baba, gadi kake? To ai ka riga ni sani.

A jinin yaron nan akwai masu gadi,
ido ba ya ganinsu, ba su barci, ba su jiran albashi.
Sai dai sababbin ɗauka ne,
ba su taɓa ganin ɓarawon ba.
Shi kuwa in sauro ya sauke shi
ba ya tsayawa gaisuwa.
Hanta yake nufa,
kafin ka gama zagaye ɗaya ya shige ya ja ƙofa,
ya kwana bakwai yana hayayyafa, babu ko tari.
Sannan dubbai su ɓarke cikin jini.
Ran da ka taɓa goshi ka ji zafi, Baba,
an daɗe da yin satar.

Abin da ke kwalbar ba ɓarawon ba ne,
ƙyallen rigarsa ne kawai.
Za mu miƙa musu su juya shi,
su shinshina, su haddace ɗinkin.
Wasu su ƙera ƙugiya daidai wuyan rigar
su watsa cikin jini.
Wasu su sami lungu su zauna,
aikinsu ke nan, tunawa.
Ran da mai rigar ya zo da kansa
a hanya za a tare shi, bai kai ga hanta ba.

Na ce, sau ɗaya?
Ta ce, huɗu. Kai ba ka mantuwa?
Kuma kada a naɗe gidan sauro,
wani ɓarawon yakan zille.
Don an ɗauke ka aiki
ai mai sito bai jefar da makulli ba.

Allura ta shiga cinya.
Nafi'u ya buɗe baki, kukan ya makara,
da ya iso kuwa har bakin titi.
Larai ta juya masa nono, ta harare ni
kamar ni na yi.

Da dare jikinsa ya ɗan yi ɗumi.
An gaya mana: atisaye ne, ba yaƙi ba.
Duk da haka sau uku ina kiran Larai
har katina ya ƙare.

Yanzu ƙarfe biyu. Jirgin ƙasa bai wuce ba,
dama ya daina wucewa.
Sauro na kuka a kunnena, na kai masa mari, na sami kaina.
Can gida, cikin cinyar da ba ta kai damtsena ba,
wasu abokan aikina suna zaune
suna miƙa wa juna ƙyalle,
suna cewa, duba da kyau, kada ka manta.

Katin yana aljihuna, an rubuta ranar komawa.
Na nuna wa direban tirela ya sake karanta min.
Balaraba, da an ba naki masu gadin ko zare ɗaya.