Hular da Na Warware Sau Uku

Tun kana ciki na auna kanka da lemo,
babba, wanda babanka ya sayo a 'Yar Kutungu.
Na kifa masa hula rabin saƙa, ta zauna ɗas,
na ce to, kan ɗana ke nan.
Ranar da ka zo, Uzairu, unguwarzoma har da riƙe ciki:
wannan kan ai gwanda ne, wa ya ce miki lemo?
Na warware.

Zaren ulu ba ya manta inda aka lanƙwasa shi.
Ya fito a murɗe, yana fushi,
na naɗe shi jikin gwangwanin madara,
na bar shi ya huce.

Gwaggo Tasalla, da ta zo daga Batagarawa yi mini wankan jego,
ta ɓoye kwarashina a ƙarƙashin buhun gero.
Mai jego, in ji ta, ba ta sunkuyo,
ido zai yi duhu, baya zai riƙe,
sha kunun kanwa ki kwanta.
Na sha. Na kwanta.
Da minsharinta ya daidaita na lallaɓa,
fitilar waya a baki, zare a babban yatsa,
kana tsotso a hagu, ina ƙirga da dama:
goma sha biyu, goma sha uku,
ka saki nono ka yi atishawa,
lissafi ya zube kamar tsaba a tsakar gida.

Maƙwabta a Rafindaɗi suna leƙowa barka,
suna cewa ulu, a wannan zafin?
Ga gwanjo nan tuli a kasuwa, uku dubu.
Na sani. Na taɓa ɗaga su, na shinshina.
Suna warin ɗan wata.

Keken ɗinkin na Inna ne, baƙi, mai tari kafin ya tashi.
Shekara huɗu yana lulluɓe tun da muka rufe ta.
Na ɗiga masa mai, na taka,
sai ga ƙarar nan ta ɗakinmu na da,
ta daren jajibirin salla,
muna barci a kan ƙyallayen mutane.
Na ɗauke ƙafa. Na daɗe ban mayar ba.

Zanenta mai ganye-ganye, wanda wanki ya cinye wa baki,
shi na shimfiɗa.
Almakashi ya tsaya a hannuna kamar ya san ta.
Na yi bismilla, na yanka.
Riga biyu ta fito, da wando mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Babanka ya ɗaga shi sama, ya juya, ya juya,
ya ce ba komai, yaron zai dinga tafiya a karkace
har ya saba.

Maɓalli uku na ɗinka, kowanne da gidansu:
ɗaya daga tsohuwar shaddar babanka,
ɗaya daga rigar makarantata,
ɗayan a gwangwanin Inna na same shi,
ban san na wa ba ne.
Ka sa shi haka nan. Dangi ne.

Ranar arba'in na gama hular, karo na biyu.
Ta shiga da ƙyar, ta bar maka zobe a goshi,
ka yi kukan da ya tada tantabarun maƙwabta.
Kana girma da dare, na gane,
lokacin da allura take barci.
Ina bin ka da zare, kana gaba da taki ɗaya,
kuma Gwaggo ta ce haka abin yake har ka yi gemu.

Yau ga ni kuma, na kama bakin zaren na ja.
Layi yana cin layi, hula tana komawa ƙwallo.
Wannan karon zan ƙara ido takwas,
in bar wa sanyin bana wuri,
in bar wa kan da ban gani ba tukuna.

Kar ka motsa.
Bari in zagaya igiyar nan ta bayan kunnenka.