Akwatin Wanzami

Ni ne Kihachi, wanzamin bakin gada a Kanazawa.
Shekara arba'in ina wasa aska a dutse ɗaya,
har tsakiyarsa ta lotsa kamar cikin majinyaci.

Tukkun da na fara yankewa na Ebisawa ne,
wanda in ya ɓullo lungu da takubbansa biyu
mahaifina kan tuɓe takalmin katako, ya kifa goshi a laka.
Da asuba ya shigo, kada a gani.
Bai dubi madubi ba.
Hannuna na rawa, ya ce, "Yi sauri, yaro,
gobe zan fara aikin rubuta haraji."
Gashin ya faɗi kan tabarma, bai kai nauyin ɓera ba.
Na naɗe shi a takarda, na jefa akwati,
ban san dalili ba.

Daga nan komai ya zo a guje.
Aka sauya kalanda, watan ƙarshe ya mutu yana kwana biyu.
Aka kafa turaku, aka ja waya,
magana na wucewa ta samanmu, tsuntsaye na zaune a kanta.
Agogo ya hau bango ya koya mana latti.
Maƙwabcina ya ci naman sa yana toshe hanci,
ya ce haka Turawa suka yi tsawo.

'Yata Shige ta haye duwatsu zuwa masaƙar siliki
tana da shekara goma sha uku.
Yatsu a tafasasshen ruwa tun duhu har duhu.
Aka ce musu duk zaren da suka ja
ƙusa ce a jikin jirgin yaƙi.
A bayan ɗan dako ta dawo, tana tari a ƙyalle tana ɓoyewa.
Kuɗinta ya biya harajin shekara biyu.
Ita ba ta ga ta biyun ba.

Sai samari suka fara zuwa goma-goma, a yi musu ƙwal-kwabo.
Ɗan masunci, ɗan mai gawayi, jikan Ebisawa,
duk ƙeya iri ɗaya ce a ƙarƙashin aska.
Waɗanda aka hana kakanninsu taɓa kube
yau kowa da bindigarsa.

Aka ce mun ci Sin da yaƙi, mun karɓi tsibiri.
Malamin makaranta ya ƙara jan fenti a taswira.
Ni ma na ɗaga fitilar takarda,
na yi ihu har murya ta dishe.
Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.
Wanda aka taɓa buga wa ƙofa da igwa
yana son jin ƙarar ƙofar wani.
Ban tambayi wa ke bayanta ba,
ko a Koriya ma akwai wanzami
da ke ɗaga kai daga dutsensa yana saurare.

Autana Sokichi a wannan kujera ya zauna
daren da za su wuce Manchuriya.
Ya ce, "Baba, ajiye kaɗan,
an ce ba kowa ake tsintar gawarsa ba."
Yana dariya ya faɗa.
Na tattara da gefen hannu, kamar mai share ƙaiƙayi.

Ba a tsinta ba.
An aiko da takarda mai hatimi, da lambar ƙarfe.

Yanzu ƙunshi biyu ne a akwatin.
Ɗaya dogo, har yau yana ƙanshin mai.
Ɗaya gajere, in ka yi numfashi kusa sai ya tashi.
Tsakaninsu ƙasa ta zama babba, in ji jarida.

A waje ana buga badujala, dusar ƙanƙara na sauka kan tutoci.
Wani yaro ya turo ƙofa, kunnuwansa jajur don sanyi.
Na ɗiga ruwa a dutse.
Na ce, zauna, ɗana,
kada ka motsa.